Ciyawa a Gonar Isyaku

Litinin, 15 ga Yuli, bayan Asuba

Isyaku bai dawo daga Ɗanbatta ba. Mutum bakwai aka ɗauka jiya a bakin kasuwa, shida na wasu garuruwa ne, shi kaɗai ne namu. Ba zan rubuta yadda abin ya faru ba, kowa yana da nasa bakin. Takarda ce kawai aka je karantawa a kan tsadar abinci da takin da aka yi mana alkawari. Takarda!

Ni na dawo da wuri saboda gwiwata.

Da gari ya waye na bi ta gonarsa, tunda iyaka ɗaya muke, gamba ce kawai ta raba mu. Geronsa ya kai gwiwa, ya yi kyau ƙwarai, amma harƙiya ta fara kai masa. A makon nan ya kamata a yi masa maimai, noma na biyu. Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara: shi, matarsa Zuliha, 'ya'ya huɗu ƙanana, da tsohuwarsa Inna Kulu. Ba shi da wata.

Ban damu ba. Shekara talatin da ɗaya ina sakataren Ƙungiyar Talaka Manomi ta garin nan, kuma tun zamanin iyayenmu doka ɗaya ce ba ta taɓa karyewa ba: duk wanda aka tsare saboda maganar talakawa, gayya za a yi masa, a nome gonarsa kafin tamu. Gobe zan kira taro a zartar.

Talata, 16 ga Yuli, bayan La'asar

An yi taro a gindin ɗorawa. Mutum hamsin da uku. Kowa ya yarda a yi gayya, babu wanda ya ce a'a. Sai Talle mahauci ya miƙe, wai da sunan wa za a kira ta? In da sunan ƙungiya ne, to a fara korar Kassimu daga cikinta, domin tun da muka zaɓe shi kansila ya zama ɗan gwamnati, kuma gwamnati ce ta kama Isyaku. Mutanen Kassimu suka ce ai jam'iyyarmu ce a kujera, jam'iyyar talakawa, wanda ya zagi kujerar ya zagi wahalar da muka sha kafin mu hau ta.

Aka yi ta yi har ladan ya kira salla. An naɗa mutum biyar su duba maganar sunan. Ni na kawo shawarar, kuma har yanzu ina ganin ita ce daidai. Abu in ba a bi ƙa'ida ba, gobe kowa sai ya kira tasa gayyar.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

An kwana ana ruwa. Gwiwar da sauƙi.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan Azahar

Yau na ga ƙarfin hali. Ɗan Iya, mai sayen hatsinmu da kaka ya kai Dawanau ya ɓoye, ya dawo mana da shi da bazara da tsadar tsiya, shi ne ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce, “Malam Tanko, shanun huɗata suna nan a ɗaure. Geron Isyaku bai wuce shiga ba tukuna. A bar ni in sa su, yini ɗaya sun gama. Ba na son komai, ƙanin matata ne ta wajen uwa.”

Na ce masa, “Alhaji, mun gode. Talaka yana da 'yan'uwa. Ba mu lalace ba har mu kai ga shanun wanda yake shan jininmu.”

Ya dube ni, ya ce, “To Malam, ciyawa dai ba ta san jam'iyya ba.” Ya tafi.

Matata Rahmatu tana bayan ƙofa tana ji. Da na shigo ta ce, “Ka tambayi Zuliha kafin ka ƙi?” Na ce mata wannan maganar ƙungiya ce, ba ta tsakar gida ba. Ta ce, “Uhm.” Na tsani wannan uhm ɗin nata, shekara talatin da takwas ina shan sa.

In muka karɓa, badi da wane baki za mu tsaya a kasuwa mu kira shi ɗan jari-hujja? Gayya za a yi. Mutum hamsin, kafin azahar an gama.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan Magariba

Mutum biyar ɗin nan sun kawo rahoto biyu. Biyu da biyu, na biyar ya tafi biki Shanono.

Talle ya ce a ɗauki tutar ƙungiya a kafa a tsakiyar gonar, a buga gangar noma har a ji a Ɗanbatta, su san ba mu mutu ba. Ɗaya ɓangaren suka ce babu tuta, babu ganga. Talle ya ce gayya ba ganga ai zaman makoki ce. Wani ya kira shi ɗan tasha, ya ce a maimaita, aka maimaita masa. Da ƙyar aka raba.

Yau mutum talatin da ɗaya suka zo. Kafin a tashi wani daga baya ya ce, “Wai wa ya rubuta takardar nan ne?” Na ce lokaci ya ƙure, na rufe taro.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Kassimu ya zo da kansa, a babur, ba a motar ofis ba. Ɗalibina ne, ni na koya masa baƙi da wasali a aji ɗaya, yau ga shi da tumbi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ya ce, “Malam, don Allah ku dakata da gayyar nan. An hana taron da ya wuce mutum goma. Ina nan ina bin manya a kan a sako su, an kusa. In aka ji mutum hamsin da ganga a gonar wanda aka tsare, cewa za a yi wani taron ne, maganar ta lalace. Ku ba ni mako ɗaya.”

Na ce, “Kassimu, mu muka ɗora ka don kada a hana talaka taro. Yanzu kai ne mai kawo mana saƙon hanin?”

Ya ce, “Malam, da kuna waje kuna ihu, ba a sako kowa. Yanzu ina ciki, ko ba komai ana ɗaga wayata. Wanne kuke so, Isyaku ko gero?”

Ina jin haushinsa, kuma ina tsoron kada ya zama shi ne mai gaskiya. Kuma, tunda littafina ne, bari in faɗa: da ya ce a dakata sai na ji wani sanyi a raina. Ban san na mene ne ba. Na sani.

Na bi ta gonar. Ciyawa ta kamo geron a tsawo, ganyen ƙasa ya fara ja. Tawa ma ba a magana, taro ya hana ni taɓa ta.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Na je inda su Isyaku suke tsare. Inna Kulu ta ba ni dambu da ƙuli-ƙuli in kai masa, aka caccaka da tsinke kafin a miƙa. Minti biyar aka ba mu, ta bayan waya, mutane sun fi ashirin kowa yana ihu da nasa.

Ya rame. Leɓensa a fashe, ban tambaya ba. Na zaci zai ce, Malam, ina ka shiga ranar nan? Na shirya amsa tun daga mota. Bai tambaya ba. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna da yara, sannan ya matso ya ce, “Malam, an yi wa gerona maimai?”

Na ce, “An yi.”

“Gayya?”

“Gayya. Mutum arba'in, har da ganga.”

Ya rufe ido ya ce, “Alhamdu lillahi. Na gaya wa mutanen ɗakin nan, mu a garinmu ba a barin gonar ɗan'uwa. Suna ta yi mini dariya.”

Mutum arba'in. Har da ganga. Wa ya aike ni ƙara gangar?

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan Asuba

Ruwa.

Alhamis ɗin dai, bayan La'asar

Na zaga gida gida da kaina. Na ce ba tuta, ba ganga, ba suna, jibi Asabar da sassafe kowa ya fito da fartanyarsa. Kassimu sai dai ya yi haƙuri. Talle ya ce in ba tuta shi ba ya zuwa. Mutum ashirin da shida sun ce in sha Allahu. Na aika Rahmatu ta gaya wa Zuliha a dama fura, don ba a gayya da yunwa, mai gona shi ke ciyarwa ko yana nan ko ba ya nan. Rahmatu ta dawo ta ce geron da ya rage musu a rumbu bai fi na kwana goma ba, amma Zuliha ta ce za ta daka.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan an sauko

Wasu mutum biyu a babur sun tsaya wajen mai shayi suna tambayar su wa da wa ke zuwa gindin ɗorawa. Wasu sun ce masu sayen wake ne. Wake a watan Yuli!

Kafin la'asar labarin ya gama gari.

Asabar, 27 ga Yuli, da azahar

Mu huɗu.

Ni, da Muhammadu Sani mai gyaran keke, da tsofaffi biyu da ko tsayuwar salla sai da sanda. Inna Kulu ta sa an kawo fura ƙwarya shida, an jera a inuwar kuka, an rufe da faifai. Muka tsaya muna kallon hanya har rana ta ɗaga. Kowane motsi sai mu ce ga su nan.

Da hantsi ya dubi ludayi na ce mutum huɗu ba gayya ba ce, a ɗaga zuwa wani lokaci a sake shiri. Muhammadu Sani ya ce, “Malam, ko kunya goma mu yi mana.” Na ce in muka fara mu huɗu, sauran za su ce an riga an yi, ba za su ƙara fitowa ba. Da na faɗa ya yi ma'ana.

Inna Kulu ta sa aka kwashe furar aka rarraba wa maƙwabta kafin ta yi tsami. Ƙwarya ɗaya aka kawo gidana. Rahmatu ta ajiye ta a gabana ta ce, “Sha, ladan aikinka ne.” Ban sha ba. Ina jin kunya kamar in nutse.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ban je kasuwa ba. Gwiwa.

Litinin, 29 ga Yuli, bayan Azahar

Na je wajen Ɗan Iya. Ba zan rubuta abin da na ce ba. Ya tashi muka je gonar tare, ya shiga har tsakiya, ciyawa ta kai masa ƙugu. Ya ce, “Malam, yanzu kam shanu ba za su shiga ba, geron ya yi tsawo, karya shi za su yi, garmar ma ba za ta ci wannan saiwar ba. Sai dai hannu.” Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Geron ya yi rawaya, ya sirance kamar tsintsiya. In aka ƙara mako, ko an nome ba zai yi zangarniyar kirki ba.

Talata, 30 ga Yuli, da hantsi

Rahmatu ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, “Tashi ka je ka ga ƙungiyarka.”

Na je. Daga nesa na hango mutum biyu a sunkuye. Inna Kulu ce, da shekarunta saba'in da wani abu, tana tuge ciyawa da hannu. Ɗayar Zuliha ce, ta ɗaure mayafi a ƙugu, goyo a bayanta, da 'yar fartanyar da ake noman rama da ita a bayan ɗaki.

Zuliha! Shekara goma sha biyu da aurenta, ban taɓa ganin ta a waje da rana ba sai in asibiti za ta ko gidan rasuwa. A garin nan matar aure mai ƙuruciya ba ta noma, ko a shekarar fari ba a yi ba. Maza suna wucewa ta hanyar rijiya suna kau da kai, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a gindin ɗorawa.

Ni ma na kau da kai. Na dawo gida.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan Magariba

Ban kira kowa ba. Na ɗauki fartanya bayan sallar Asuba na tafi gonar Isyaku. Na tarar su Zuliha sun riga ni.

Na yi sallama, Inna Kulu ta amsa. Na ce, “Zuliha, koma gida, wannan ba aikinki ba ne.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Baba Malam, aikin wa ne?”

Na ce ƙungiya tana nan tana shiri.

Ta ce, “Na daka geron 'ya'yana saboda shirin ƙungiya. An ce mini Alhaji Ɗan Iya ya kawo shanu ka kore shi. Gonarka ce, Baba? Da ka aiko an tambaye ni, da na ce a sa. Ni ban san jari-hujja ba, na san tuwon dare.”

Inna Kulu ta ce, “Ke, ya isa, babanki ne.”

Ta ce, “Shi ya sa na kira shi Baba, Inna.” Ta ci gaba da nomanta.

Na kama kunyar da ke kusa da tata na sunkuya. Rabon da in yi noman yini sosai an jima. Harƙiyar ta yi saiwa kamar an ɗinke ta da ƙasa, ga ƙarangiya ta fara ido. Kunya bakwai na yi kafin la'asar. Gonar kunya ɗari da wani abu ce.

Yau gwiwar ta kumbura da gaske. Da gaske, na ce.

Juma'a, 2 ga Agusta, da yamma

Muhammadu Sani ya zo jiya, ya kama kunya. Yau Rahmatu ta zo ta karɓi goyon Zuliha ta zauna da shi a inuwa. Da hantsi sai ga Talle, ba tuta. Ya ce shi wucewa yake yi. Yana nan yana wucewa har la'asar, kuma shi kaɗai ya yi aikin mutum uku, yana noma yana zagin Kassimu. Ya ce wa Zuliha ta koma gida, ta ce sai an kai ƙarshe.

Babu wanda ya zo a babur. Babu wanda ya tambayi sunan kowa.

Litinin, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Mun tsaya. Ɓangaren gabas, wajen rabin gonar, ya farfaɗo, ya fara yin kore. Na yamma mun nome shi ne don kada a ce ba a nome ba, amma ya riga ya tafi. Abincin wata biyar ke nan, in Allah ya kai damina lafiya. Sauran watannin ban san da me za su ci ba.

Ba na iya taka ƙafar. Talle ne ya kawo ni gida a kafaɗa. Gonata kuwa ta zama daji, na sallama ta.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

An sako su. Kassimu ne ya kawo Isyaku har ƙofar gida a motar ofis. Ya cika maganarsa, ko da mako ɗayan ya zama biyu da 'yan kai. Ana ta guɗa a unguwarsu. Talle ya ce ai dole su sake shi, tsoron talakawa suka ji. Mutanen Kassimu sun ce da ba mu da mutum a ciki, da sai ya shekara. Za su yi ta yi har kaka.

Ban je ba. Gwiwa. Wannan karon ma gaskiya ce, amma ko da lafiyarta ƙalau ban san ko zan je ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan La'asar

Isyaku ya zo da kansa ya ce in raka shi gona. Na dogara sanda muka tafi a hankali, shi ma ba ƙarfi gare shi ba.

Ya bi kunya kunya yana dubawa. Isyaku manomi ne, ƙasa a wajensa kamar allo ce. Ya tsaya a gefen da su Zuliha suka fara, ya durƙusa ya taɓa. Ya ce, “Nan da hannu aka tuge. Nan kuma ƙaramar fartanya ce, ba ta shiga ƙasa ba. Wannan saran na Talle ne, shi ke jifa da ƙasa haka.” Ya dubi ɓangaren yamma ya daɗe. Sannan ya ce, “Malam, mutum nawa ka ce?”

Na ce, “Isyaku, ƙarya na yi maka.”

Tunda bakin ya buɗe sai na ƙarasa. Na ce ni na rubuta takardar, ya sani, kuma ni ya kamata in karanta ta. Da na hango motocin nan a bakin kasuwa na miƙa masa na ce gwiwata, na shiga motar gida. Lafiyar gwiwata ƙalau ranar nan. Tsoro ne. Kuma tsoron ne ya sa na yi ta kiran taro, don muddin ana taro ba sai na tsaya a gonarsa an gan ni ba. Na gaya masa maganar shanun Ɗan Iya ma.

Ya ce, “Na ga lokacin da ka shiga motar. Da gudu ka shiga.”

Ya tsinki ganyen gero ɗaya yana murzawa. Can ya ce, “An tambaye ni wa ya rubuta, kwana uku ana tambayata. Na ce ni ne.” Ya juya ya tafi gida, ya bar ni a tsaye da sandata.

Da ya zage ni. Wallahi da ya zage ni.

Asabar, 10 ga Agusta, da hantsi

Rahmatu ta dawo daga kai wa Inna Kulu kunu ta ce, “Akwai mutum a gonarka.” Ba ta yi uhm ba.

Na ja ƙafa na je. Isyaku ne, shi kaɗai, riga a rataye a gamba, ƙasusuwan bayansa duk a waje. Ya riga ya yi kunya huɗu.

Na ce, “Isyaku, don girman Allah ka bari. Ban cancanta ba.”

Bai tsaya ba. Ya ce, “Ban ce ka cancanta ba, Malam. Ban kuma ce na huce ba. Kana kwance, gonarka tana mutuwa. Ina ɗan shekara goma sha biyar ka tsaya a gindin ɗorawa ka ce gonar ɗan'uwa ba ta jiran taro. Ni na ɗauka da gaske kake.”

Na koma gida na ɗauko fartanya. Ba na iya tsayuwa, sai na zauna a ƙasa a kunyar da ke kusa da tasa ina jan jiki ina sara. Bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba.

Gobe akwai taro. Na ba Muhammadu Sani littafin ƙungiya ya kai musu, su nemi mai rubutu. Mu muna da sauran kunya sittin.